BA KULLUM GAS BA NE: Duba Hanyar Iskar Esin Motarka Kafin Ka Sake Biyan Kuɗi

Yau ba maganar waya zan yi kai tsaye ba, kodayake wayar da ke hannunka ita ce babban kayan aikin da za mu yi amfani da shi. Maganar esin mota ce, kuma in gaya maka gaskiya tun farko, raina a ɓace yake.

Duk wanda ke zaune a Sakkwato ya san abin da Afrilu da Mayu ke nufi. Ma'aunin zafi ya wuce 40, wata rana ya taɓa 44, kwalta na tiriri, sitiyari ba ya taɓuwa da azahar. Ka kunna esi, ka ji iska ɗumi-ɗumi kamar hucin tanda. Ka garzaya wurin mai gyara. Kafin ka gama bayani ya riga ya yanke hukunci: "Gas ne ya ƙare, Alhaji." Bai sa hannu a bakin iska ba, bai buɗe aljihun dashbod ba, bai tambaye ka yaushe abin ya fara ba. Ya jawo tukunya, ya ɗura, ka biya. Bayan sati uku ka dawo, ya sake ɗurawa, ka sake biya.

Wannan ɗabi'a ta "ƙara gas" ita nake yaƙi da ita yau. An bar jaki ana dukan taiki. Sau da yawa gas ɗin na nan lafiya lau, sanyin ma ana yin sa, hanyar da zai bi ya iso jikinka ce ta toshe ko ta ɓalle.

ABIN DA YA JAWO WANNAN RUBUTU

Yayana na da Sienna, yana jigilar fasinja daga Sakkwato zuwa Kano. A bazarar bara sau uku aka ɗura masa gas tsakanin Maris da Mayu. Duk da haka, kafin a kai Tureta fasinjan baya sun fara fifita da kwali, a Talata Mafara an fara gunaguni, kafin Gusau wani ya ce a mayar masa da kuɗin esin da aka caje shi. Zuwa na huɗu sai aka ce masa kwamfreso ne ya mutu, sai an sa wani. Mutumin nan har ya fara neman wanda zai ranta masa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya faka a ƙofar gida nan Tudun Wada, na shiga motar don in duba masa cajar da ta daina aiki. Na sa hannu a bakin iskar gaba: akwai sanyi sosai, amma iskar ba ta da ƙarfi ko kaɗan duk da fanka na kan lamba ta ƙarshe tana ihu. Na koma baya: ƙofofin iskar rufi shiru, amma robar bangon da ke saman tayar baya ta dama ta yi sanyi kamar an fito da ita daga firji. Na ce, "Yaya, kwamfreson da ya mutu ba ya sanyaya bango."

Muka buɗe aljihun dashbod muka zaro filta. Wallahi kamar tubalin laka. Ƙurar hunturu ta shekaru, ganyen dogon yaro, ɓawon gyaɗa da ɓera ya tara. Muka ɓalle robar baya, sai ga bututun iska ya fita daga mazauninsa tun lokacin da aka yi wa motar gyaran jiki bayan wani ya buge ta ta baya. Wata da watanni sanyin na zuba a cikin bango, mutane na gumi a kan kujera. Sabon filta, muka mayar da bututu muka naɗe shi da salatif na alminiyom, ko awa ɗaya ba mu yi ba. Daga baya ma sai da wani mai esi da ya san aikinsa ya rage gas ɗin, don an cika shi ya wuce ƙa'ida.

Kuɗin gas uku ya tafi, na kwamfreso saura ƙiris. Ina mai tabbatar maka ba shi kaɗai ba ne a garin nan.

ESI HANYA BIYU GARE SHI

Ka riƙe wannan, shi ne tushen maganar gaba ɗaya.

Hanya ta farko ita ce hanyar gas. Kwamfreso ya matse gas, ya tura shi kwandensa da ke gaban lagireto, a nan ya zubar da zafinsa waje. Daga nan ya bi ta wata matsattsiyar ƙofa ya shiga wani ɗan ƙaramin lagireto da ke ɓoye a cikin dashbod, wanda masu gyara ke kira ibaforeta. Wannan ne ke yin sanyi ƙarara. Sai gas ɗin ya koma kwamfreso, a sake zagaye.

Hanya ta biyu ita ce hanyar iska. Fanka, wato bulowa, ta jawo iska ta cikin filta, ta hura ta a jikin ibaforeta ta ɗauki sanyi, ta wuce wasu ƙananan marafai da ke juya ta sama ko ƙasa, ta shiga bututun roba, ta fito a fuskarka.

Hanyar farko na yin sanyi, ta biyu na kawo maka shi. Rijiya na iya cika maƙil da ruwa, in guga a ɓule take ƙishirwa za ta kashe ka a bakin rijiyar. Mai ɗura maka gas ba tare da ya duba hanyar iska ba, ruwa yake ƙara wa rijiya.

GAS BA FETUR BA NE

Ga ƙaryar da ta fi kowace cin kuɗin mutane: wai gas na ƙarewa saboda yawan kunna esi. A'a. Fetur ne injin ke ƙonawa. Gas ɗin esi zagaye yake yi a rufaffiyar hanya, ba ya ƙonewa. Firjin gidanku shekara nawa yana aiki dare da rana, sau nawa aka ɗura masa? Gaskiya ne mota na da tiyo na roba da mahaɗai, gas kan ɗan ragu a hankali cikin shekaru. Amma in ya gudu cikin sati uku, to akwai ɓula. Wanda ya ɗura bai nemo ɓular ba, ya sayar maka da abin da ya san zai tsiyaye.

Kuma ƙari ba alheri ba ne. Buɗe bonet ka duba, yawancin motoci na da 'yar takarda a manne da ke faɗin irin gas ɗin da adadin giram ɗin da motar ke ɗauka. Ƙananan motoci galibi wajen rabin kilo ne ko sama da haka kaɗan, masu esin baya sun fi haka. In aka wuce adadin, matsi ya yi yawa, sanyi ya ragu, kwamfreso ya riƙa wahala har ya mutu da gaske. Ka ga ke nan "ƙara gas" na iya haifar da ciwon da aka ƙaga maka da farko.

YADDA ZA KA DUBA DA KANKA

Kayan aiki: wayarka, 'yar takardar tishu, da hannunka. In kana da ƙaramin ma'aunin zafi, madalla. Ka faka a inuwa, a fili ba cikin rufaffen gareji ba, ka ja birkin hannu.

1. Raba ƙarfin iska da sanyinta. Kunna esi, fanka a lamba ta ƙarshe, iska ta fuskanto ka. Tambaya biyu ce: iskar na da ƙarfi? Tana da sanyi? In da sanyi ba ƙarfi, kada kowa ya yi maka maganar gas, toshewa ce. In da ƙarfi ba sanyi, to yana iya zama gas, yana iya zama marfin da zan yi bayani a lamba ta 5.

2. Gwada ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. Riƙe tishu a gaban kowace ƙofar iska ka ga yadda take kaɗawa, har da na baya da na rufi. Ɗauki bidiyo don ka kwatanta. In uku na kaɗa tishu ɗaya ta yi lamo, bututun wannan ɗayar ya fita, ko ya lanƙwashe, ko wani abu ya faɗa ciki. Shafa dashbod da bango da rufi. Duk inda ka ji sanyi a wurin da babu ƙofar iska, nan sanyinka ke zuba.

3. Zaro filta. A Corolla, Camry, Accord da Sienna na shekarun da suka fi yawa a titunanmu, yana bayan aljihun dashbod na gefen fasinja. Ka matse gefen aljihun biyu ya sauko, za ka ga wani dogon murfi, ka ɓalle ka zaro. A wasu motocin Turai irin su Golf yana gindin gilashin gaba, ƙarƙashin bonet. Wasu tsoffin motoci ba su zo da shi ba sam. Haska shi da tocilar waya ta baya. In haske bai ratsa ba, iska ma ba ta ratsawa. Kamfanonin mota kan ce a canza shi bayan kilomita dubu 15 zuwa 30, kuma su da kansu sun ce a gaggauta a inda ƙura ta yi yawa. Mu da muke shan ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ni shawarata ka canza duk ƙarshen hunturu kafin zafi ya kankama. Lura da kibiyar da ke gefensa lokacin mayarwa.

4. Leƙa cikin ramin. Kashe mota. Kunna bidiyo da tocila, zura wayar a ramin da filta ya fito, juya ta a hankali, fito da ita ka kalla. Za ka ga fankar. Leda, ganye, sheƙar ɓera, duk a nan suke taruwa. Akwai 'yar kyamara mai doguwar igiya da fitila a kanta da ake jonawa a ramin cajin Android, in wayarka na karɓar OTG. Da ita za ka bi bututu har ciki, wani lokaci har ka hango fuskar ibaforeta ka ga ko laka ta shafe ta.

5. Saurari marafai. Danna maɓallin nan mai hoton mota da kibiya a lanƙwashe a ciki, wanda ke sa esi ya riƙa juya iskar cikin mota. Ya kamata ƙarar iska ta canza. In ba ta canza ba, wataƙila marfin ya maƙale, esinka na ta fama da iskar waje mai zafin 43 maimakon ta ciki da ta riga ta huce. Sannan juya maɓallin zafi da sanyi daga ƙarshe zuwa ƙarshe. A cikin dashbod akwai hita da ruwan injin mai zafi ke bi ta ciki, marfi ɗaya ne ya raba shi da hanyar sanyi. In ɗan injin da ke juya marfin ya lalace, za ka ji "ƙas-ƙas-ƙas" a dashbod. In soson da ke jikin marfin ya ruɓe, za ka ga ɓarɓashin baƙin soso na fitowa ta ƙofar iska. Ko wanne ne, zafi na gauraya da sanyi, kuma ko tanka guda ta gas aka ɗura ba zai gyaru ba.

6. Taɓa bututun gas. Buɗe bonet esi na aiki. Bututun alminiyom biyu ne ke shiga bangon da ya raba injin da ɗaki, siriri da mai kauri. Taɓa mai kaurin a kusa da bangon, nesa da fanka da bel, kuma ka tattare hannun rigarka. In ya yi sanyi sosai, hanyar gas na aikinta. Kada ka ce sai ka ga raɓa a jikinsa ko ruwa na ɗiga ƙarƙashin mota. A Maris da Afrilu iskar Sakkwato a bushe take, ruwan ba ya yawa sai damina ta matso.

7. Duba kwandensa. Haska ta gaban mota. Laka, fari, ledar fiya wata, duk suna toshe shi. Fankar gabansa ko bayansa na juyawa in an kunna esi? In esinka na sanyi a kan hanyar Dange amma ya mutu a cunkoson bakin Babbar Kasuwa, fara da wannan fankar. Wanke kwandensa da ruwa a hankali injin na sanye. Ruwa mai ƙarfin tsiya na wurin wankin mota na lanƙwasa 'yan faifansa.

8. Tiyon ruwa. Ibaforeta na tara ruwa, yana fita ta wani ɗan tiyo a ƙarƙashin mota. Laka na toshe shi, zanzaro ma na gini a bakinsa. Alamarsa kafet ɗin gefen fasinja ya jiƙe da damina, ko wari kamar na jiƙaƙƙen tsumma in an kunna esi. Kada ka raina wannan, akwai wayoyin lantarki ƙarƙashin kafet ɗin.

Akwai wata alama da ke ruɗa mutane: esi ya fara da kyau, bayan rabin awa a kan hanya iska ta ragu har ta ɗauke, ka kashe minti goma ta dawo. Ƙanƙara ce ta rufe ibaforeta. Ƙarancin gas na jawo haka, lalacewar sensa na jawo haka, toshewar filta ma na jawo haka. Da wanne mai hankali zai fara? Da wanda dubawarsa minti biyar ce kuma ba a biyan ko sisi.

MANYAN MOTOCI DA ESIN BAYA

Masu Sienna, Hiace, Coaster da motocin ɗaukar marasa lafiya, ku matsalarku ninki biyu ce, don galibi akwai ibaforeta ta biyu da fanka ta biyu, sannan bututu ya bi bango ko rufi. Bututun nan sassa-sassa ne da aka cusa cikin juna, da soso a mahaɗa. Zafi na busar da soso, ramukan hanya na girgiza mahaɗa, mai gyaran jiki ya ɓalle rufi ya mayar a gaggauce, mai sa sifika ya ture bututu don wayarsa ta wuce. Sannan fasinja su jingina jakunkuna da buhu a daidai ragar da fankar baya ke shaƙar iska.

A Amurka akwai motocin da ake yi kamar gida, da gado da kicin da banɗaki, mutane na yawon hutu da su. Esinsu a kan rufi yake, bututun kuma na bin cikin silin. Sanannen ciwonsu shi ne, shingen da ya raba iskar da ke shiga da wadda ke fita ya goce, sai esi ya riƙa shaƙe sanyin da ya hura tun bai kai ɗaki ba. Abin da masu su ke fara yi shi ne su kwance murfin silin, su haska, su liƙe duk wata kafa da salatif na alminiyom. Ba gas suke fara nema ba. Mutanen da suka fi mu kuɗi na fara da salatif, mu da muke lissafin kowace lita tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 muna fara da kwamfreso. Wannan ba abin kunya ba ne?

In za ka liƙe, goge ƙura tukuna, cusa bututun har ya zauna, sannan ka naɗe. Kada ka sa salatif na takarda ko na kwali, zafin motar da ta wuni a rana zai narkar da gam ɗinsa cikin kwanaki. Inda soso ya ruɓe, sa sabon siririn soso mai gam.

IYAKARKA

Ba na son wani ya ce ni na sa shi. Kada ka kwance bututun gas. R134a na tafasa ne a wajen digiri 26 ƙasa da sifili, in ya fesa a ido ko fata ƙuna ce. Kada ka taɓa waya ko soket mai launin rawaya a dashbod, ƙarƙashin kujera ko gefen rufi, na jakar iskar haɗari ne. Kafin ka sa hannu a cikin fanka, kashe mota ka zare makulli. Sauke dashbod gaba ɗaya ba aikinka ba ne. Kuma kada ka kwana a mota injin na aiki gilashi a rufe, hayaƙin salansa ba ya sallama.

IN DA GASKE GAS NE FA?

Yana faruwa, ban ce ba ya faruwa ba. Motocin da aka shigo da su daga Amurka da Kanada sun sha gishirin da ake zubawa a titi lokacin dusar ƙanƙara, yana cin bututun alminiyom, musamman dogayen da ke bi ta ƙarƙashin mota zuwa esin baya. Robobin mahaɗa ma na bushewa. To in an ce gas ne, ga haƙƙinka:

A sa geji a gabanka, ɓangare biyu, a yi maka bayanin abin da ya nuna. A nemo ɓular a nuna maka, ko da kumfar sabulu, ko ka ga maiƙo a wurin. A gyara ɓular. A zuƙe iska da danshi da injin bakum kafin a ɗura. A ɗura da sikeli daidai giram ɗin da ke takardar bonet. Kuma ka ga tukunyar da idonka.

Maganar tukunya ba wasa ba ce. Tsoffin motoci da R12 suka zo, aka daina shi bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda illarsa ga sararin sama. Daga tsakiyar shekarun 1990 aka koma R134a, sababbin motoci da yawa yanzu R1234yf suke sha. R22 na esin ɗaki ne, R600a na firji ne kuma yana kama wuta. Ba a musanya su, ba a gauraya su. A 2011 jabun gas da aka sayar da sunan R134a ya sa kwantenonin sanyi sun fashe a Biyetnam da Burazil, har ma'aikata suka rasa rayukansu. Gas mai arahar da ba ka san asalinsa ba, ka ji tsoronsa.

NA SAN ABIN DA ZA A CE

"Kai mai gyaran waya ne, me ya haɗa ka da mota?" Abin da ya haɗa mu shi ne ƙura da zafi. Kullum sai an kawo mini waya an ce batir ya mutu ko aisin caji ya ƙone, in haska ramin caji in tarar da ƙura da zaren aljihu sun dunƙule, tsinke ɗaya ya gama aikin. Sifika ta daina ƙara, raga ce ta toshe. Ban ce na iya gyaran kwamfreso ba, ban iya ba. Na ce a duba hanya kafin a tuhumi injin, wannan kuwa ƙa'idar kowane gyara ce.

"Zafin Sakkwato ne, ba esin da zai iya." To me ya sa motar maƙwabcinka iri ɗaya da taka ke sanyi a rana ɗaya, a titi ɗaya? Zafi na rage ƙarfin esi, gaskiya ne, shi ya sa ake sauke gilashi minti ɗaya ko biyu hucin ya fita kafin a rufe. Amma zafi ba ya zaɓar kujerar baya ya bar ta gaba.

"Cire filtan ka yar, shi ke hana iska." Wannan ce shawarar da ta fi ba ni haushi. Eh, yau iska za ta ƙaru. Amma ƙurar da filta ke tarewa yanzu kai tsaye za ta je jikin ibaforeta, ta haɗu da danshi ta zama laka. Filta a minti biyar ake canza shi. Ibaforeta a motoci da yawa sai an sauke dashbod. Ragowar ƙurar kuma huhunka da na 'ya'yanka ne filtanta.

LAIFINMU MU MASU KAWO GYARA

Kada ka ɗauka masu esi kawai nake zargi. Akwai na kirki a garin nan da ba sa taɓa tukunya sai sun sa geji, Allah ya yi wa sana'arsu albarka. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: mu muka koya wa sauran wannan hali. Ba ma biyan kuɗin dubawa. Mutum ya ɓata awa guda ya gano ledar da ta toshe fanka, ya cire, sai ka ce, "Ai ba ka sa komai ba," ka miƙa masa kuɗin ruwan sanyi. Wanda ya ɗura gas na minti goma bai gyara komai ba, ka biya shi ba ciniki, don ka ga tukunya ka ji "fuuu". Gobe wanne zai zaɓa? Shi ma iyali gare shi.

A sana'armu ma haka ne, ba zan ɓoye ba. Na san zafin in share ramin caji a ce mini "na gode" a wuce, alhali da na ce batir ne da na samu na cefane. Jarrabawa ce ta kullum, kuma ba kowa ke cin ta ba. In kana son a daina sayar maka da abin da ba ka buƙata, biya mutum ladan ganowa. Ka ce masa tun farko, "Malam, duba mini hanyar iska da filta tukuna, ko ba ka sa komai ba zan biya ka aikinka." Za ka ga yadda maganar za ta canza.

Ku kuma direbobin dogon zango, in kun karɓi kuɗin mota mai esi, na kujerar ƙarshe ma kuɗinsa ɗaya da na gaba. Tsohuwa da mai goyo su wuni a baya gilashi a rufe daga nan har Funtuwa, ba iska ba sanyi, wannan haƙƙi ne a wuyanku. Kafin lodi, zaga baya da tishu. Minti biyu ne.

Yau da la'asar in rana ta yi sanyi, fita ka buɗe aljihun dashbod ka zaro filtan nan ka haska. Gani ya kori ji. Ka tura wa duk wani mai mota da ka sani, musamman wanda aka ce ya kawo kuɗin kwamfreso gobe. Allah ya ba mu halal ya tsare mu da cin haƙƙin juna, ya kawo mana damina mai albarka. Amin.